Me Ya Sa Sojojin Rum Suke Naɗa Sarki Kuma Su Kashe Shi?

A ranar 28 ga Maris na shekara ta 193 Miladiyya, dakarun tsaron fadar Rum suka kutsa cikin fada suka kashe sarkinsu Pertinaks, wanda ko wata uku bai cika a kan gado ba. Laifinsa a wurinsu biyu ne: ya nemi ya dawo da ladabin soja, kuma bai cika musu kuɗin da suka sa rai ba. Da suka koma bariki suka kulle ƙofa, sai aka shiga ciniki. Surukin mamacin, Sulpisiyanus, yana ciki yana tayi. Wani attajirin ɗan majalisar dattawa, Didiyus Juliyanus, yana waje a gindin ganuwa yana ɗaga murya da nasa. Sojoji na kai da komo tsakaninsu kamar dillalai a kara. Na ciki ya kai dinarin azurfa 5,000 ga kowane soja, na waje ya ce 6,250, aka ce an sallama. Hajar da aka sayar daula ce wadda ta tashi daga Birtaniya har bakin Kogin Furat. Kwana 66 mai sayen ya yi a kan gado, shi ma aka kashe shi.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da zai fara tambaya shi ne: yaya aka yi daular da ta yi suna da doka da tsari ta kai ga haka? Sauran tambayoyin da ake yawan yi game da Rumawa, irin su yadda sojansu yake rayuwa, ko Yuliyus Ƙaisar sarki ne, da abin da ya rushe daular, a ganina duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Rum ta gina rundunar da babu kamarta a zamaninta, amma har ta faɗi ba ta taɓa yanke hukuncin wanda yake da hakkin gadon mulki ba. Wannan gurbi da aka bari a buɗe, soja ne ya cike shi da takobinsa.

Da farko ba haka abin yake ba. Bayan Rumawa sun kori sarkinsu na ƙarshe, wajen shekara ta 509 kafin Miladiyya, sai suka koma zaɓen shugabanni biyu duk shekara, don kada mutum ɗaya ya tattare iko. Sojan wancan lokaci manomi ne mai gonarsa. Shi zai sayi garkuwarsa da mashinsa, ya fita yaƙi na 'yan watanni, ya dawo ya kama fartanya. Wanda ba shi da dukiya ba a ma ɗaukarsa a rundunar. Hikimar a fili take: mai gona yana da abin da zai kare, yana kuma da inda zai koma.

Masu tambayar sirrin nasarar Rum sukan ɗauka ba a cin su da yaƙi. An ci su, ci kuwa mai muni. A shekara ta 216 kafin Miladiyya, Hanibal, jarumin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya yi musu ƙawanya a Kanne ya hallaka dubun dubatarsu a yini guda. Wata ƙasar da nan take za ta nemi sulhu. Rum ta ƙi ko da fansar fursunoninta, ta sake tara wasu rundunoni daga 'ya'yanta da garuruwan Italiya da ke ƙawance da ita, waɗanda sharaɗin ƙawancen shi ne su ba da mayaƙa. Shekara 14 bayan haka ta ci Hanibal a Zama, a ƙasarsa. Ƙarfin Rum yawan mutane ne da taurin kai: za ka iya cin rundunarta, amma gobe wata ce za ta tsaya a gabanka.

To, nasarar ce ta zo da cuta. Yaƙi ya koma Sifen da Girka da Asiya, manomi ya yi shekaru bai ga gonarsa ba. Manyan masu kuɗi suka riƙa haɗe filaye suna noma da bayin da yaƙin ya kawo. A shekara ta 133 kafin Miladiyya wakilin talakawa Tiberiyus Girakus ya nemi a raba musu filin gwamnati, 'yan majalisar dattawa da magoya bayansu suka kashe shi da kulake. A 107 kuma, da kwamanda Mariyus zai tafi yaƙar Jugurta, sarkin Numidiya a Aljeriya ta yau, sai ya ɗebi 'yan sa kai marasa ko taƙi. Masana na yanzu suna ganin sauyin a hankali ya zo, ba mutum ɗaya ya kawo shi dare ɗaya ba, amma inda aka dosa bai ɓuya ba. Sojan da ba shi da gona, in an gama yaƙi ina zai nufa? Majalisa ba ta tanadar masa komai ba. Kwamandansa ne zai yi masa faɗa a ba shi fili. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka amanar soja ta tashi daga ƙasa ta koma kan mutumin da ke riƙe da makomar tsufansa.

An ga sakamakon a shekara ta 88 kafin Miladiyya. Aka ƙwace wa Sulla, ɗaya daga cikin shugabanni biyu na shekarar, jagorancin yaƙin gabas aka ba Mariyus, shi kuwa ya juya rundunarsa ya nufi birnin Rum da ita. Abin da ya fi tsaya mini a wannan labari shi ne, manyan hafsoshinsa duk sun janye jiki in ban da guda ɗaya, domin sun san abin haramun ne, amma ƙananan sojoji suka bi shi ba gardama. Su ganimar gabas suke hange, suna tsoron in Mariyus ya karɓa da wasu zai tafi. Daga ranar ƙofa ta buɗe. Lokacin da Yuliyus Ƙaisar ya ƙetare rafin Rubikon da runduna a watan Janairun 49 kafin Miladiyya, hanyar da Sulla ya share ya bi, da sojojin da suka yi shekaru suna ci da sha tare da shi a yaƙin ƙasar Gol, wato Faransa ta yau.

Mutane da yawa suna ɗauka Yuliyus Ƙaisar ne sarkin daular na farko. Bai taɓa riƙe wannan muƙami ba. An dai naɗa shi mai cikakken iko na har abada, kuma zargin cewa yana son zama sarki ne ya sa 'yan majalisa suka caccaka masa wuƙaƙe ranar 15 ga Maris na 44 kafin Miladiyya. Kalmar "sarki" abin ƙyama ce a kunnen Barume. Magajinsa Oktabiyan, wanda majalisa ta ba laƙabin Agustas a shekara ta 27 kafin Miladiyya, ya koyi darasi daga wannan kisa. Ya ce shi ɗan ƙasa na farko ne kawai, ya bar majalisa tana zama, ya bar ana zaɓe, amma lardunan da sojoji suke kusan duk suna hannunsa, kuma da sunansa soja ke rantsuwa. Sunan Ƙaisar da ya gada ya zama laƙabin masu mulki, shi ne ya iso gare mu ta bakin Larabawa. Ɗaya laƙabin nasu kuwa, Imperator, wanda daga gare shi Turawa suka samo kalmar babban sarki, asalinsa kirari ne da sojoji ke yi wa kwamandan da ya ci yaƙi.

A nan matsalar take kwance. Tunda a hukumance babu gadon sarauta, ba za a iya rubuta dokar gadonsa ba. Babu majalisar masu zaɓen sarki da kowa ya yarda da hukuncinta, babu ƙa'idar cewa babban ɗa ne zai gada. Akwai jini, akwai amincewar majalisar dattawa, akwai kirarin soja, kuma a cikin ukun nan ɗaya ne kaɗai ke riƙe da makami.

Agustas ya san haɗarin, ya kuma yi aiki a kansa fiye da kowa. Ya rage rundunoni daga kusan 60 zuwa 28, ya mayar da soja sana'a mai albashi da wa'adi. A shekara ta 6 Miladiyya ya kafa baitulmali na musamman don biyan kuɗin sallama, ana cika shi da harajin kashi 5 cikin ɗari a kan gado da kashi 1 a kan kayan gwanjo. Sojan da ya gama aikinsa yana karɓar dinari 3,000, abin da ya haura albashinsa na shekara 13. Manufar ita ce tsohon soja ya daina kallon hannun kwamandansa, ya kalli na sarki.

Rayuwar sojan kuwa ba ta da daɗin da ake zato. Runduna ɗaya tana da mutum kimanin 5,000. Mutum takwas ke kwana a tanti ɗaya, su dafa abinci tare. Tanti goma suka yi ƙungiya mai mutum 80 a ƙarƙashin hafsan da ake kira shugaban ɗari, duk da cewa mutanensa ba su cika ɗarin ba. Albashin shekara dinari 225 ne na azurfa, ana biya sau uku, kuma takardun biyan da aka tono sun nuna ana cire kuɗin abinci da tufafi da takalmi kafin saura ya iso hannunsa. Zancen da ake yaɗawa cewa da gishiri ake biyansu ba shi da madogara a rubutun mutanen wancan zamani. Kuɗi suke karɓa. Wa'adin aiki ya fara da shekara 16, ya koma 20, daga baya ya tsaya a 25, kuma doka ba ta amince da aurensa ba muddin yana cikin aiki, ko da yake da yawa sun ajiye mata da 'ya'ya a bayan bariki. Yawancin ranakunsa ba a fagen fama suke ƙarewa ba. Haƙa rami ne, gina hanya da gada, ƙera tubali, gadin iyaka. In ana tafiyar yaƙi kuma, kowane dare sai an haƙa ganuwa an kafa sansani kafin a kwanta. A Bindolanda, wani sansani a arewacin Ingila, an tono wasiƙu a kan siraran alluna: a ɗaya ana sanar da soja an aiko masa da safa da kamfai, a wata wani hafsa yana roƙon a aiko wa mutanensa giya don tasu ta ƙare. Bayan waɗannan 'yan ƙasa, akwai wasu dakarun taimako kusan yawansu, waɗanda ba Rumawa ba ne, ladarsu bayan shekara 25 ita ce takardar zama ɗan ƙasa da aka zana a kan tagulla.

Horon akwai tsanani. Sandar itacen inabi ce alamar shugaban ɗari, kuma ba don ado yake riƙe ta ba. Masanin tarihinsu Tasitus ya kawo labarin wani mai suna Lusiliyus da sojoji suka yi wa laƙabi da "Miƙo wata", domin in ya karya sanda a bayan soja sai ya nemi wata. Da Agustas ya rasu a shekara ta 14, rundunonin da ke gadin kogunan Danub da Rain suka yi bore, Lusiliyus na cikin waɗanda aka kashe. Kokensu abin tausayi ne: an riƙe wasu shekara 30 har 40, an sallami wasu da fadama ko kan dutse da sunan gona. A Rain tsofaffin sojoji suka riƙa kama hannun kwamandansu Jamanikus suna sa wa a bakinsu don ya ji babu haƙori ko ɗaya. Ya kamata mai karanta tarihin nan ya riƙe wannan hoto. Sojan da ke naɗa sarki ba kullum azzalumi mai haɗama ba ne. Sau da yawa talaka ne da ya ba da ƙuruciyarsa, yana tsoron a yi masa cin amana a ƙarshe.

Masu haɗamar gaske suna cikin birni. Dakarun tsaron fada suna karɓar ninki uku da ɗoriya na albashin sojan iyaka, shekara 16 kawai suke yi, kuma tun shekara ta 23 aka tara su a bariki ɗaya a gefen Rum. A 41 hafsoshinsu suka kashe Sarki Kaligula. Majalisa na can tana muhawarar ko a dawo da tsohon tsarin jamhuriya, wani soja ya tsinci baffan mamacin, Kalaudiyus, ya ɓuya a bayan labule, aka ɗauke shi zuwa bariki aka yi masa mubaya'a. Ya yi wa kowannensu alkawarin dinari 3,750. Daga nan kyautar hawa gado ta zama tamkar farilla. Galba, wanda ya hau bayan Nero ya kashe kansa a 68, ya ƙi biya, yana cewa shi zaɓen sojoji yake yi, ba sayensu ba. Magana ce ta dattako, amma bai wuce wata bakwai ba aka sare shi a tsakiyar dandalin birni. A shekarar 69 kaɗai mutum huɗu suka riƙe mulki: Galba, Oto, Biteliyus da Bespasiyan, kowanne da rundunar da ta ɗaga shi. Tasitus ya ce asirin mulki ya tonu, an gane ana iya naɗa sarki a wani wuri ba a Rum ba.

Za a ce, ai an yi zaman lafiya mai tsawo daga 96 zuwa 180, lokacin da kowane sarki ke zaɓen wanda ya cancanta ya mai da shi ɗansa. Gaskiya ne, kuma a lokacin ne daular ta kai iyakar faɗinta a 117. Sai dai a duba yadda abin ya faro. Dakarun fada ne suka tsare Sarki Nerba, wanda tsoho ne, a 97 suka wulaƙanta shi, shi kuwa ya yi maza ya ɗauki Tarajan, kwamandan babbar runduna a iyakar Jamus, a matsayin magaji. Sannan sarakuna huɗu a jere ba su bar ɗa namiji ba. Da aka zo kan Markus Oreliyus mai ɗa, ɗan nasa Komodus ya ba, shi kuma aka shaƙe shi a daren ƙarshe na 192. Wannan ne ya kai mu ga gwanjon da muka fara da shi.

Wanda ya kawar da mai sayen daular shi ne Septimiyus Seberus, ɗan Leptis Magna da ke gaɓar tekun Libiya, wanda rundunonin Danub suka ɗaga. Shi bai ɓoye inda ikonsa ya fito ba. Ya ƙara albashi, ya halatta wa soja aure. An ruwaito cewa da zai rasu a Yok ta Ingila a 211, wasiyyarsa ga 'ya'yansa biyu ita ce su haɗa kai, su azurta sojoji, su yi watsi da kowa. Shekarar ba ta ƙare ba babban ɗan, Karakalla, ya sa aka kashe ƙaninsa Geta a hannun mahaifiyarsu. Ya dai riƙe sashe na biyu na wasiyyar, ya ƙara wa soja rabin albashinsa, amma a 217 wani sojansa ya soke shi a gefen hanya kusa da Harran.

Ina kuɗin ke fitowa? Nan ne talakan da bai taɓa riƙe takobi ba ya shigo labarin. Haraji bai isa ba, sai aka riƙa rage azurfar da ke cikin kuɗi. Dinarin zamanin Agustas kusan zallar azurfa ne, na zamanin Seberus rabi ne, kafin shekara ta 270 kuwa kuɗin da ke yawo tagulla ce da aka shafa wa azurfa, abin da ke ciki bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Kaya suka yi tsada, soja ya ga albashinsa ya zama iska, ya nemi ƙari, wanda ya yi alkawarin ƙarin ya zama sarki. Daga 235, da aka kashe Seberus Iskandar a sansaninsa kusa da Mainz, zuwa 284, sarakuna sama da 20 suka hau, kuma 'yan kaɗan ne suka mutu a kan shimfiɗarsu. Ba son kuɗi kaɗai ba ne. Farisa ta farfaɗo a gabas, har sarkinta Shapur ya kama sarkin Rum Baleriyan da ransa a 260, ƙabilun Jamus kuma na matsa wa Rain da Danub. Sarki ɗaya ba zai kasance a fage uku ba, kuma duk iyakar da ta ga an manta da ita sai ta naɗa nata. Wanda ya taɓa wayar gari ya ji kiɗan soja a rediyo ya san yadda juyin mulki ɗaya ke haifar da na biyu, domin na farkon ya riga ya nuna wa kowane hafsa cewa abin mai yiwuwa ne.

Diyokiletiyan, wanda shi ma soja ne daga ƙasan tsani, ya gwada magani a 293: sarakuna huɗu, manya biyu da mataimaka biyu, kowa da iyakarsa. Ya sauka da kansa a 305, tsarin bai daɗe a bayansa ba, domin a 306 sojojin Birtaniya suka ɗaga Kustantin saboda ɗan sarkinsu ne. Shi ne ya rushe dakarun fada bayan nasararsa ta 312, ya kuma buɗe sabon birninsa a 330, wanda yau ake kira Istanbul.

Game da faɗuwar Rum, ana kawo dalilai barkatai, amma a yamma lissafin ba shi da wuyar bi. Yaƙin basasa ya ci sojoji, baƙin ƙabilu suka zauna a larduna, harajin lardunan ya yanke. Da Bandalawa, wata ƙabilar Jamus, suka ƙwace Kartaj a 439, hatsi da kuɗin Arewacin Afirka suka tafi, wato abin biyan soja. A 476 sojojin Italiya, waɗanda yawancinsu Jamusawa ne, suka nemi a ba su fili, aka hana, suka ɗaga wani hafsansu, Odowasa. Ya sauke yaron sarki Romulus, bai ma damu da naɗa wani ba, ya aika da kayan sarauta gabas.

Gabas ɗin ta rayu har 1453, kuma mutanenta Rumawa suke kiran kansu. Su ne Rum ɗin da Alƙur'ani ya ambata. A shekara ta 602 sarkinsu Moris ya umarci rundunar Danub ta yi hunturu a ƙetaren kogi, a ƙasar abokan gaba, bayan tun can suna jin haushinsa kan taɓa musu albashi. Suka yi bore, suka ɗaga wani ƙaramin hafsa mai suna Fokas, aka yanka 'ya'yan Moris a gabansa sannan aka kashe shi. Kisran Farisa, wanda Moris ya taɓa taimaka wa ya koma gadonsa, ya ce fansa zai ɗauka, ya buɗe yaƙin da ya ci Sham da Ƙudus da Masar. A tsakiyar wannan ruɗani ne ɗan gwamnan Kartaj ya taso da jiragen ruwa a 610 ya kawar da Fokas. Shi ne Hiraƙal, wanda ya juya yaƙin ya ci Farisawa kusa da Ninawa a 627, kuma shi ne Ƙaisar ɗin da wasiƙar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta isa hannunsa.